Zoben Aure a Adum

Yau na raka ƙanwata da angonta wurin wani maƙerin zinariya a Adum, nan Kumasi, wai da hannunsu za su ƙera zoben aurensu. Nata na zinariya, nasa na azurfa, tunda addini ya hana maza zinariya. Da ango ya ɗauki 'yar guduma, hannu na rawa, bugu ɗaya ya lotsa gefen zobenta. Maƙerin ya miƙo hannu zai gyara, sai ta ce, "Baba, don Allah bar shi haka, nan ne ya taɓa."

Na yi tsit. Nawa a Kejetia aka sayo shi shekara 12 da suka wuce, sumul ba tabo, kuma har yau ban san hannun da ya ƙera shi ba.