Akwatin Kaka da lambar NA

Asabar, Zariya.

Sunan da muke rubutawa a ƙarshen sunayenmu a takardun makaranta muƙami ne na soja, Saje. Haka aka san Kaka da shi bayan ya dawo daga Yaƙin Bama, har ya danne sunansa na yanka, mu jikoki muka gaje shi. Yau na yi niyyar in gano wanda ke bayan Sajen.

Da hantsi na shiga birni ta Ƙofar Doka, na sauka gidan Goggo a Kwarbai. Bayan gaisuwa da ƙorafin na yi wuyar gani, ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai tauraron tagulla mai tsini shida, wanda aka ba waɗanda suka yi Bama. Na juya bayansa, wayam. Turawan Ingila ba su buga suna a lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Biyu ba, saɓanin na yaƙin 1914 da ake rubuta sunan soja a jikinsu. Ashe wanda ya gaji tauraro kaɗai bai gaji hujjar komai ba.

Abin da ya cece mu littafin sallama ne, ya yi ja, gara ta ɗan taɓa gefensa. Nan ne lambarsa take, mai farawa da NA, alamar sojan Nijeriya, da runduna ta 82.

Na ce, "Goggo, ba kin ce da 'yan Chindit ya yi ba?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, ni barikin na sani. Can yake zuwa gaida abokansa."

Tana da uzuri. Barikin Chindit na nan garin ya samo sunansa daga sojojin Janar Wingate, waɗanda bataliyoyin Nijeriya suka shiga cikinsu a 1944. Amma 'yan runduna ta 82 ta yankin Arakan na Bama suka bi, su da 'yan ta 81 suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Horo dai a Defo ya yi shi, cibiyar horar da sojoji wadda ke Zariya tun 1924, zamanin Sarki Ja'afaru aka ɗauke shi soja. A kan wannan takarda da Goggo bakinsu ɗaya.

Inda abin ya tsaya mini shi ne layin suna. Akawun soja ya rubuta sunan Kaka, maimakon sunan mahaifinsa sai ya sa Zaria. Da yamma na buɗe shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, ina neman wani ɗan ƙauyensu da suka tafi tare bai dawo ba. Sai ga su jere: wane Kano, wane Katsina, wane Sokoto, wane Zaria. Mutum ya bar uwa da uba ya mutu a dajin Bama, a ce garinsa ne ubansa. Kuma Zariyar ma ba lalle birni ba, duk wanda ya fito daga ƙasar Zazzau ana iya liƙa masa ita, kamar Kaka da aka haifa wajen Soba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, namu na ciki. In ba ka riƙe da lambar mutum, ba ka da yadda za ka ware naka.

Wani aboki ya ce in tafi Kaduna, gidan adana tarihi na ƙasa ko Arewa House. Zan je, amma ban sa rai sosai ba. Rahotannin haraji na Turawa hakimai da dagatai suke ambata, talaka adadi ne kawai. Gidajen sarauta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, salsalarsu a rubuce take. Ta manomi kuwa tana bakin tsofaffi.

Goggo ta kawo mini sunan mahaifin Kaka, daga nan ta tsaya. Ta ce akwai wani Baffa da ya rage a ƙauyen, ya haura casa'in, kunnensa ya yi nauyi amma hankalinsa garau. Na ɗauki hoton kowane shafi na littafin da waya na tura wa 'yan uwa. Jibi zan sayi goro a Tudun Wada in kama motar Soba.