Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗakin da Nake Jin Kunyar Buɗewa

A makon jiya na tsaya ne a ranar da muka bar Gwammaja, bayan kasuwa ta juya wa Maigida baya, muka koma ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a wani gidan haya a Rijiyar Lemo. Ƙarshen shekarar 2019 ke nan. A-kori-kura guda ce ta kwashe mu kaf, mu da kayan. Gadon aurena, sif, madubi, kujeru, da jeren kwanukan da Inna ta yi shekara huɗu tana zubin adashi kafin ta haɗa mini, duk sun bi hannun dillaliya wajen biyan bashi. Katifa ta rage, da akwatina biyu, da tukwane, da tabarmar roba.

Ba ƙarancin cefane ne ya fi cina ba a watannin nan, ɗakin ne. Duk macen da aka yi wa jere ta san abin da nake nufi. Ranar da dangi suka taru suna kafa gado, suna goge kwanuka, suna gardamar inda madubi zai zauna, ranar ce ake nuna wa duniya cewa kina da gata. Ni kuwa ga ni a ɗakin da hayaƙin rishon masu haya na baya ya yi wa bangonsa baƙi, siminti ya tsage tun daga bakin ƙofa har gindin taga, labulena kuma tsohon zani ne a kan igiya. In baƙuwa ta yi sallama sai in yi maza in shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida in ce ciki da zafi. Har cikin hunturu, ana busa sanyi, haka nake cewa.

Goggo ce ta karya wannan dabarar. Yayar mahaifina ce, tana zaune a Yakasai cikin birni, shekarunta sun haura saba'in. Wata Asabar ta sauko daga adaidaita sahu ba tare da ta aiko ba. Na ɗauko tabarma, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ni za ki tsayar a tsakar gida kamar mai tallan goro?" Ta ɗage zanin ta shige. Ta daɗe tana kallon bangon, ni kuma ina tsaye a bayanta hawaye na zuba.

"Goggo, kin ga yadda na koma," na ce.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta zauna a bakin katifa ta kama hannuwana biyu ta juya su. "Gado aka sayar. Waɗannan fa, nawa dillaliya ta saye su?"

Ranar ta ba ni labarin ɗakin aurenta, wanda ban taɓa ji ba. Ta ce a zamaninsu ba wanda ya san siminti a ɗakin amarya. Mata ne ke taruwa su yi daɓe: a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sannan kowace ta ɗauki madaɓinta su durƙusa a jere suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi tana sheƙi. Bango kuma farar ƙasa ake shafa masa. Faifan da aka jera mata a bango ita ta saƙa rabinsu da hannunta tun tana budurwa. Langa da samira sun zo daga baya, da kuɗi ya fara shigo wa mijinta. Ta ce, "Ɗakina na farko ya fi na yanzu kyau, don babu kusurwar da ban san yadda aka yi ta ba."

Bayan mako ɗaya ta aiko a kira ni, muka shiga Kurmi tare. Na sha shiga kasuwar nan, amma ban taɓa binta da wanda ya san lungunanta kamar Goggo ba. Tana tafe da sandarta tana faɗa mini cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ciniki a nan, sama da shekara 500, kuma har yau duk abin da hannu ke yi akwai layinsa. Muka wuce masu tumtum na fata, na tsaya ina shafa wani ja, ta ja ni gaba ta ce ba nan muka zo ba. Abin da muka saya bai cika leda biyu ba: farar ƙasa, ƙaro, bula, basilla, da buhun algarara guda biyu. Da muka biya ta gidanta ta buɗe wani tsohon adudu ta ciro faifai bakwai, masu rinin ja da kore da baƙi, ta ce in riƙe mata amana.

Da bango na fara, kuma a nan na yi kuskuren da har yau nake gargaɗin mata a kansa. Na jiƙa farar ƙasar ta kwana, na tace, na ɗiga bula kaɗan don farin ya fito, na shafa da tsintsiya mai laushi. Amma na yi gaggawa, ban jira ƙaron ya narke ba, na ce ai ba dole ba ne. Ranar Juma'a Maigida ya jingina yana sa takalmi zai tafi masallaci, bayan kaftaninsa mai ruwan toka ya tashi fari fat, kuma ita kaɗai ce rigar fitarsa. Bai ce komai ba, ya cire ya sa ta gida ya tafi. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na jiƙa ƙaron a ruwan ɗumi har ya zama kamar koko, na gauraya, na sake shafawa sau biyu, ina barin na farko ya bushe sarai kafin na biyu. Ƙaron shi ke riƙe farar ƙasa a jikin bango. Daga ranar ko ka goga hannu ba abin da zai biyo ka.

Sai ga korona. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano, azumi kuma ya kama a cikin kullen. Maigida na gida, yara na gida, ba shiga ba fita sai ranakun da aka ba da dama a yi cefane. A zauren maƙwabtanmu akwai wani dattijon tela da bai daina ɗinkin Sallah ba. Na aiki babbar 'yata ta ce, "Baba, wai in ji Ummana, don Allah ƙyallayen da kake zubarwa take so." Ya cika mata buhu, ya ce ta dawo kowane mako.

Ga yadda Goggo ta koya mini yin shimfiɗar ɗaki da ƙyallaye, don na san wasunku za su so gwadawa. Za ki farke buhun algarara ki wanke ki yanka daidai faɗin da kike so, ki naɗe bakinsa ki ɗinke don kada ya zare. Ƙyallayen kuma ki wanke su tukuna, kowane launi daban, domin akwai atamfar da ke zuba, musamman ja. Sai ki yayyanka su tsawon ɗan yatsa, faɗin yatsa biyu. Ki zura kowane ɗaya ta cikin saƙar buhun da basilla, ki fito da shi ta ramin da ke kusa, ki ƙulle. Haka za ki yi ta yi, layi bayan layi, kina matse su sosai har buhun ya ɓace. Atamfa da yadin auduga sun fi kama ƙulli. Leshi santsi gare shi, kwancewa yake, shadda kuma tauri, tana cin yatsa. Kafin ki fara, ki zana fasalin da kike so da gawayi a kan buhun. Ni dagi na zana a tsakiya, irin wanda muke gani a bangon tsofaffin gidajen cikin birni, na cika shi da shuɗi, kewayensa ruwan ɗorawa.

Kwana ashirin da uku na yi a kanta. Bayan sahur nake zama, in yi har rana ta take. Yarana na ware launuka, kuma daga kwana na goma Maigida da kansa ya karɓi almakashi yana yanka mini. Tun da kasuwa ta karye bai cika magana ba, amma a kan buhun nan ya fara ba ni labarin mutanen da suka ci amanarsa da waɗanda suka tsaya masa, abin da ya riƙe a ciki wata shida. Da muka gama, shimfiɗar ta rufe tsagewar simintin daga ƙofa har taga.

Faifan Goggo sun so su gagare ni, don mai gidan ya hana a yi ta buga ƙusa a bango. Sai Maigida ya samo gora mai tsawo, ya rataye ta a kan ƙusa biyu kacal, ni kuma na ɗaure faifan da zare, wani sama wani ƙasa, babban a tsakiya. Ragowar ƙyallaye masu faɗi na harhaɗa na ɗinke da hannu suka zama labule. Zanin nan na sauke shi na yanka shi ma ya shiga shimfiɗa ta biyu.

Ranar Sallah, ba a yi hawa ba a shekarar, gari shiru. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu ta yi sallama da kwanon tuwo a hannu. Hannuna ya kai kan tabarmar roba kamar yadda ya saba, sai na sake ta. Na ce, "Shigo ciki mana, Maman 'yan biyu."

Ta cire takalmi ta shiga, ta ajiye kwanon, ta dubi bango, ta dubi faifan. Sai ta durƙusa ta ɗaga gefen shimfiɗar ta juya bayanta tana bin ƙulle-ƙullen da yatsa.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni da yara da babansu."

"Ƙanwata za a kai ɗaki bayan Babbar Sallah. Nawa za ki yi mana irinta guda biyu?"

Na buɗe baki ban san kuɗin da zan faɗa ba, don ban taɓa sayar da komai ba a rayuwata. Na ce ta bari in yi shawara da Goggo. Yadda muka yi da Goggo a waya a daren nan, da abin da ta ce game da sa wa aikin hannu kuɗi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.