Na kulle shafina na Instagram, ashe ɓarawon yana ciki

Har yanzu raina na ɓaci idan na tuna muryar yayata a waya, tana tambayata ya jikin yaro, kuma ko kuɗin da ta turo sun isa. Babu mai ciwo a gidana, ban kuma roƙi kowa kuɗi ba. Wani ne ya buɗe shafi da sunana, ya ƙara ɗigo guda a tsakiyar sunan, ya zuba hotunan 'ya'yana, sannan ya bi dangina ɗaya bayan ɗaya da saƙon cewa muna asibiti. Har sunan makarantar yaron ya ambata mata, wai a can ya faɗi. A bajon da ke jikin rigar makarantarsa ya karanto, cikin wani hoto da na ɗora.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne shafina a kulle yake. Na daɗe da mayar da shi na sirri, sai wanda na amince wa yake ganin abin da na sa. Wanda ba ya bina, iyakarsa sunana da hoton fuskar shafi da ɗan bayanin da ke ƙasa. Ba ya ganin hotuna, ba ya iya buɗe jerin mabiyana. Amma wannan mutumin yana da hotunan, har da wanda na sa a sitori ya ɓace bayan awa 24, ya kuma san wa zai tura wa saƙo. Ke nan yana cikin mabiyana.

Ashe mayar da shafi na sirri ba ya korar waɗanda suka riga suka shigo, sababbin zuwa kaɗai yake tarewa. Duk wanda ya bi ni a shekarun da shafin yake a buɗe, yana nan daram, yana kallon komai. Na kulle ƙofa ina barci da minshari, ɓarawo kuwa na cikin ɗaki.

Da labarin ya bazu, kowa sai ya ce in canza kalmar sirri. Na canza, na kuma kunna tabbacin mataki biyu, wato a nemi wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri kafin a shiga shafin, duk suna da kyau. Amma wallahi shawarar ta riƙa ba ni haushi, domin babu wanda ya yi wa shafina kutse. Mutumin bai buƙaci kalmar sirrina ba. Hoton fuskar wayarsa kawai yake ɗauka, kuma manhajar ba ta sanar da kai idan an ɗauki hoton abin da ka ɗora ko na sitorinka. Ɓacewar sitori bayan kwana ɗaya ba ta goge shi daga wayar wanda ya riga ya adana.

Sai na zauna da jerin mabiyan nan, suna bayan suna. Nan na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi: shafuka marasa hoto, ba su taɓa ɗora komai ba, amma suna bin dubban mutane. Wasu da sunayen da suka yi kama da na ƙawayen makaranta. Duk wanda na kasa tuna fuskarsa da inda na san shi, na cire shi. Cire mabiyi ba ya aika masa da sanarwa, saboda haka babu batun jin nauyi. Waɗanda na fi zargi kuwa toshe su na yi, na zaɓi irin toshewar da ke haɗawa da duk wani sabon shafi da za su buɗe. Har yau ban san wanne ne a cikinsu ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai, don ba mamaki ya sha yi wa yarana addu'a a ƙarƙashin hotunansu.

Shafin bogin ya sauka bayan ni da 'yan uwa mun kai rahoton cewa sojan gona yake yi da sunana. Akwai fom na musamman don haka, yana neman hotonka riƙe da katin shaida. Kuɗin yayata dai ba su dawo ba.

Hotunan yara yanzu ba sa wuce jerin aminai (Close Friends), wato mabiyan da ka zaɓa su kaɗai su ga abin da ka sa, mai koren zoben nan da aka shigo da shi a 2018, kuma mutanen da ke ciki duk ina da lambar wayarsu. Kafin in ɗora hoto ina duba bayansa: bajon makaranta, lambar mota, lambar gida. Ba na sa sunan wuri sai na bar wurin. Ƙanwata mai sana'a ta so ta kulle nata, sai ta tarar shafin kasuwanci ba ya kulluwa, dole ta buɗe na biyu don iyali.

In kin mayar da shafinki na sirri, 'yar uwa, kada ki tsaya nan, ki buɗe jerin mabiyanki yau. Ni kam duk wanda ya nemi bina yanzu da sunan wanda na sani, sai na kira mai sunan a waya na ji daga bakinsa kafin in amsa.