Abin da Sanchin ya koya min game da numfashi

Wata ukun farko da na fara koyon karate, duk sanda muka zo yin Sanchin sai kaina ya ɗau zafi, jijiyoyin wuya su tashi, wani lokacin har jiri nake gani in mun gama. Ni a zatona ƙarfi shi ne ka ɗaure jikinka tamau tun daga ƙafa har wuya ka riƙe numfashi, ashe nan matsalar take.

Sanchin ɗin nan kata ce, wato tsararren jerin taku da naushi, ta salon Goju-ryu na tsibirin Okinawa a Japan, Chojun Miyagi ne ya kafa salon, shi kuma a hannun Kanryo Higaonna ya koya, wanda ya je har Fuzhou a ƙasar Sin ya yi shekaru yana ɗaukar horo. Ba tsalle ba gudu a cikinta, taku ne a hankali, yatsun ƙafa sun ɗan karkato ciki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kana miƙa naushi sannu sannu kamar mai tura motar da ta mutu a hanya.

Akwai abin da ake cewa shime, malami ya zagaya yana bugun kafaɗarka da cinyarka da tafin hannu don ya ji inda ya yi sako-sako. Ranar da ya zo kaina bai ma buga ba, dafa kafaɗata kawai ya yi ya ce "Yaro, sauke wannan. Ina iskar taka take?" Wallahi a ƙirji na tara ta, shi ya sa kafaɗun suka haye har kusa da kunne.

Sai ya sa hannuna ƙasan cibiya, wajen da suke kira tanden, ya ce nan za ka kai ta. Ka shaƙa ta hanci ciki ya cika, ka fitar ta baki tare da tafiyar hannun, iskar ta ƙare daidai lokacin da naushin ya kai ƙarshe. Ciki da cinya da gefen haƙarƙari su ɗaure, fuska da wuya kuwa a sake su. Shi riƙe numfashi kana yunƙuri yana sa jini ya hau nan take, daga riƙe numfashin ne jirin nan nawa yake zuwa, don haka mai hawan jini don Allah ya fara ganin likita kafin ya shiga wannan atisayen, ba abin wasa ba ne.

Sai daga baya na lura sunan salon ma ya faɗa, go tauri ju laushi. Yanzu kullum bayan sallar asuba nakan yi minti 10 a tsaye ba naushi ba komai, hannu a mara, ina bin iskar kawai, har yau in na gaji kafaɗar hagu takan so ta ɗaga sai na sauke ta.