Ramin da ke yanke hukunci a aikin gwiwa

Lokacin da na fara koyon gyaran jijiyar ACL, wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, hankalina duk yana kan jijiyar dashe, wato wadda ake sakawa a madadin wadda ta tsinke. A ciro ta daga bayan cinya, a ninka ta huɗu, a auna kaurinta ya kai milimita 8. Na ɗauka idan wannan ya yi kyau, sauran aiki, wato huda ramukan da za a ratsa dashen a ƙashin cinya da na ƙwauri, mai sauƙi ne.

Wata safiya a ɗakin tiyata malamina ya miƙa mini injin huda. Ina kallon allon kyamarar da ke cikin gwiwa na hango wani ɗan tudu a bangon ƙashin cinya, na ɗauka ƙarshen bangon ke nan, na saita wayar ƙarfe mai yi wa injin jagora. Sai ya riƙe hannuna. "Dakta, dakata. Sa ƙugiya ka laluba baya." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ƙugiyar ta haye tudun, ta ci gaba da tafiya kusan santimita guda kafin ta faɗa gefen ƙashin na gaskiya. Jikina ya yi sanyi. Wannan tudun ne Dakta William Clancy na Amurka ya raɗa wa suna tudun masu koyo, don yawan ruɗar sababbin hannu da yake yi. Mazaunin jijiyar na asali yana bayansa.

Da a ce na huda a can, da ramin ya yi gaba da yawa. Dashen zai riƙa ɗaurewa duk lokacin da aka lanƙwasa gwiwa, ƙarshe ko ya hana lanƙwasawa, ko ya saki. Daga baya na ga haka da idona: wani matashi ɗan ƙwallo da aka yi wa aiki a wani wuri ya zo yana cewa, "Likita, zaman tahiya ya gagare ni." Hoton ƙashinsa ya nuna ramin a gaba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin mutanenmu a ƙasa suke sallah, a ƙasa suke cin abinci. Gwiwar da ba ta naɗewa ta tauye musu rayuwa.

Shi ya sa na fi son huda ramin cinya ta ƙaramar kafar da ake yankawa a gaban gwiwa ta ɓangaren ciki, gwiwa a lanƙwashe kamar digiri 120. Idan aka bi ta ramin ƙwauri, sau da yawa dashen yakan miƙe tsaye, gwiwa ta ci gaba da gocewa in mutum ya juya da sauri. Ramin ƙwaurin ma in ya yi gaba, dashen zai bugi rufin ƙashi, ƙafa ta ƙi miƙewa.

Yanzu kafin in kunna injin, sai na laluba bangon baya da ƙugiya, na sa alama, na mayar da kyamara ɗaya kafar na sake dubawa. Nakan bar milimita 2 na ƙashi a bayan ramin. Bayan na ratsa dashen, in lanƙwasa gwiwar in miƙe ta sau da yawa ina kallonsa, sannan in ɗaure.