Wata uku ina ruɗin kaina a ɗakin gwaje-gwaje

Aikin farko da malamina ya ba ni shi ne in sa mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfi, in gani da idona a kwamfuta. Ya ce ba sabon abu ba ne, tun 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa abin da suka gano a ƙwaƙwalwar zomo. Ni kuwa sai da na ci wata uku.

Da sassafe nake cire ƙwaƙwalwar ɓera, in tsoma ta a ruwa mai sanyin ƙanƙara, in yayyanka hifokamfas, wato sashen da ke taimakawa wajen riƙe sabon abin da aka koya. Kaurin kowane yanka bai kai rabin milimita ba. Bayan sun huta awa guda cikin ruwan gishiri da sukari da ake hura wa oksijin, sai in kafa allurar lantarki biyu. Ɗaya tana tsikarar zaren jijiyar da ya taso daga sashen hifokamfas da ake kira CA3, ɗaya tana naɗar amsar sashen CA1, inda zaren ke kaiwa. Daga nan sai tsikara 100 cikin daƙiƙa ɗaya, wadda ita ce ke ƙarfafa mahaɗar.

Sirrin yana ƙofar NMDA, wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar jijiyar da ke karɓar saƙo. Magniziyam ne ke toshe bakinta. Gulutamet, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai ƙwayar da ke karɓa ita ma ta motsu a daidai lokacin, sannan toshiyar ta fice. Kalsiyam ya kwarara ciki, ya tada wani furotin mai suna CaMKII, a ƙaro ƙofofin AMPA, waɗanda su ma gulutamet ke buɗewa, a bakin mahaɗar. Tsikarar da ɗazu ta samu ƙaramar amsa yanzu sai ta samu babba.

Garaje ne ya kashe ni. Ba na jira layin farko, wanda ke nuna girman amsar a kwamfuta kafin tsikara 100 ɗin, ya daidaita na minti ashirin. Ina ganin ya hau sai in ruga ofis da murna. Wata rana malam ya kalli allon ya ce, “Zuba APV mu gani.” Maganin yana rufe NMDA, amma layina ya ci gaba da hawa abinsa. Ashe yankan ne kawai ke farfaɗowa daga wahalar wuƙa. Kunya kamar in nutse.

Na koma ina zama ina kallon layi har ya miƙe sak, ko da zai kai ni la'asar, kuma na daina tausayin yankan da ya ƙi nutsuwa. Ranar da abin ya yiwu, da APV layin bai tsaya a sama ba, na wanke maganin na sake tsikara, ya hau ya zauna fiye da awa guda.