Kada ka bar inshorar lafiyarka ta mutu don kana jin ƙarfi

Shekaranjiya ɗan ƙanwata yana zaune kusa da ni yana danne-dannen waya, sai na hango yana shirin soke cirar kuɗin inshorar lafiyarsa ta wata-wata. Na ce me kake yi haka? Ya ce, "Kawu, shekara biyu ina zuba musu kuɗi, ko ciwon kai ban taɓa kai musu ba." Gabana ya faɗi, don maganar da na yi ke nan da bakina ina ɗan shekara 31.

Ni ban ma soke ba, biya kawai na daina. Inshorar ta ƙashin kaina ce, babu wurin aikin da ke ɗauke mini rabi. Wani wata hannu ya yi ƙunci, na ce sai na gaba. Kamfanin ya turo saƙo cewa ina da lamunin kwana 30, na gani na share. Har yau nakan ce ai ba shashanci na yi da kuɗin ba, iyali na ciyar, wa zai ga laifin lafiyayyen da ya fifita bakin 'ya'yansa? Amma in don Allah ne, kuɗin bai fi ƙarfina ba. Asara nake ganinsa.

A wata na huɗu, tsakar dare, ciwo ya kama ni a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, ga amai ga zazzaɓi. Likita ya ce afendis ne, in aka jira yana iya fashewa. Matata ta miƙa katina a teburin karɓar marasa lafiya. Ma'aikaciyar ta buga lambar a kwamfuta, ta sake bugawa, sannan ta turo katin da yatsa ɗaya ta ce ya daina aiki. An yi tiyata, alhamdulillahi na tashi. Kuɗin ɗakin tiyata, na mai sa barci, na gado kwana biyar, duk a wuyana. Shekara biyu ina biyan bashin 'yan'uwa.

Daga kan gado na kira kamfanin na ce zan biya duk abin da suke bina. Suka ce abin da ya faru bayan yarjejeniya ta mutu ba ruwansu. Har gobe ina ganin da sun kira ni da murya da ban yi sakaci ba. To amma sharaɗin yana cikin takardar da na sa wa hannu, karantawa ce ban yi ba.

Na so in jero muku abubuwa da yawa, sai na ga kaɗan ne. Ku biya a kan lokaci. In inshorar ta mutu kuka sayi sabuwa, galibi akwai lokacin jira, sau da yawa kwana 30, da ba sa ɗaukar rashin lafiya sai haɗari, kuma ciwon da kuka zo da shi yakan jira watanni ko shekaru. Ku san nawa za ku fara biya daga aljihunku kafin su sa hannu, da iyakar abin da suke biya a shekara, da ko motar asibiti na ciki. Ku yaran yanzu sai ku karanta sharhi ɗari kafin ku sayi waya, amma shafi shida na takardar inshorar lafiyarku sun gagare ku!

Ku haddace asibitocin da ke cikin jerin waɗanda kamfaninku ke hulɗa da su. Amma in numfashi ya sarƙe ko jini ya ƙi tsayawa, ku manta da jerin, ku nufi mafi kusa, sai wani naku ya sanar da kamfanin cikin awa 24 ko 48 yadda takardarku ta ce. Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa asibiti ba ya korar mai gaggawa. Ko a Amurka, inda dokar 1986 ta tilasta wa yawancin asibitoci su ceto shi ko ba shi da ko sisi, takardar kuɗi tana bin sa har gida.

Yaron ya saurare ni, ya sa wayar a aljihu, ya ce, "Zan duba, Kawu." Mako mai zuwa ne ranar cirar kuɗin, kuma na riga na gaya wa uwarsa.